Dillalin Wasa da Makaɗan Karkarar Maraɗi: Binciken da Ya Wajaba Kafin Sa Hannu

A gundumomin Agye da Gazawa da Gidan Runji na jihar Maraɗi, waɗanda babbar hanyar kwalta ta ƙasa take ratsawa daga Yamai zuwa Damagaram, kiɗa da waƙa sana'a ce ta gado wadda ta girmi zuwan Turawa, kuma har yanzu akwai gidajen da ganga da kalangu da gurmi suke ciyarwa, ban da matasan da suka taso da fiyano da ɗakin naɗar sauti. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne hanyar da aiki yake isowa ga makaɗi, domin a da mai biki da kansa yake aiko goron gayyata, amma yau sau da yawa wani ne zai kira a waya ko ya aiko saƙon murya ta WhatsApp, ya ce zai iya sama wa ƙungiya wasanni a Maraɗi ko Katsina ko Kano, wani lokaci ma har Turai, muddin aka sa hannu a takardar da ya rubuto. Wannan mutum shi ake nufi da dillalin wasa, wato mai shiga tsakanin makaɗa da masu neman su, wanda yake daidaita rana da wuri da farashi, sannan ya karɓi la'ada, wato kason da ake ba dillali daga kuɗin cinikin da ya ƙulla.

Yana da kyau a raba shi da wasu mutane biyu da ake yawan cakuɗa su da shi. Akwai mai shirya wasa, wanda ake kira furomota, shi ne mai kama fili, ya yi hayar lasifika da janareta, ya buga sanarwa, ya sayar da tikiti, kuma shi ne mai cin riba ko ɗaukar asara. Akwai kuma manaja, wanda yake kula da dukkan harkar ƙungiya tun daga fitar da waƙa har zuwa hulɗa da gidajen rediyo. A manyan kasuwannin kiɗa na duniya waɗannan ayyuka uku suna hannun mutane uku, amma a ƙasar Hausa mutum ɗaya yakan riƙe su duka, kuma daga nan ne mafi yawan rigingimu suke tasowa, saboda wanda ya ce shi wakilin makaɗa ne mai nema musu farashi mai tsoka, idan kuma shi ne mai shirya wasan, to amfaninsa yana cikin biyan su kaɗan.

Tsohon tsarin Hausa bai rasa masu shiga tsakani ba. A fadar Sarkin Gobir da ke Tsibiri, cikin gundumar Gidan Runji, da sauran fadojin yankin, makaɗan fada suna da ubangida wanda yake ɗauke da ci da sha da suturarsu, sarkin makaɗa kuma yana sasanta 'yan sana'a idan sun saɓa, yayin da sanƙira, wato mai kururuta kyauta da tsara wanda za a wasa a fili, yake zama kunne da bakin ƙungiya a gaban jama'a. Masanin nan Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana nazarin zamantakewar ƙasar Maraɗi, ya nuna a littafinsa na 1986 yadda kyauta da ramuwar kyauta suke ɗaure mutane da juna ta yadda wanda ya saɓa ba ya da wurin ɓuya. Haka nan Abner Cohen, a nazarinsa na 1969 game da Hausawan Sabo a Ibadan, ya bayyana cewa fataucin shanu da goro ya tsaya ne a kan maigida, wanda yake saukar da baƙo, ya haɗa shi da dillali, sannan ya tsaya masa lamuni, wato ya ɗauki alhakin biya idan mai saye ya gudu da bashi. Darasin da ke cikin wannan tarihi shi ne cewa Bahaushe bai taɓa amincewa da dillali don daɗin bakinsa ba; ya amince da shi ne domin akwai gidan da za a je, da babban da za a kama, idan al'amari ya lalace. Dillalin da ya shigo ta waya ba ya zuwa da wannan lamuni, saboda haka dukkan binciken da ake magana a kai ƙoƙari ne na gano wa zai tsaya masa, da kuma inda kuɗin ƙungiya zai kwana.

Halin da makaɗan yankin suke ciki ya ƙara wa tambayar nauyi. Aikinsu na lokaci ne, yana bunƙasa bayan kaka idan an sayar da gero da wake da aya aka shiga bukukuwan aure, yana ƙaruwa a ranakun salla da lokacin kokawa, sannan ya tsaya cik a watan azumi da tsakiyar damina. Tarukan siyasa, waɗanda suka ciyar da mawaƙa da yawa a zaɓukan 2020 da 2021, sun ƙafe tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kafin a rusa jam'iyyu baki ɗaya a watan Maris na 2025. A ɓangaren Gidan Runji kuma, ta'adin 'yan bindiga a bakin iyaka, wanda ya koro dubban 'yan gudun hijira daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina tun 2019, ya rage tafiyar dare da taron dare, alhali da dare ake mafi yawan wasa. Makaɗin da ya yi wata biyu ganga tana rataye zai sa hannu a kusan kowace takarda aka miƙo masa, kuma dillalin da ba shi da amana ya san haka sarai.

Tambaya ta farko da ya kamata a yi wa dillali ita ce wakilin wa yake, kuma da sunan wa zai ƙulla ciniki. Nijar tana cikin ƙungiyar OHADA, wadda aka kafa a 1993 don daidaita dokokin kasuwanci na ƙasashen Afirka da dama, kuma dokarta ta kasuwanci da aka sabunta a Lome a watan Disamban 2010 ta kasa masu shiga tsakani gida uku: wanda yake ciniki da sunansa amma a madadin wani, da wanda aikinsa kawai ya haɗa mutane biyu ya koma gefe, da wakili na dindindin mai ciniki da sunan wanda ya wakilta. An tsara dokar ne da 'yan kasuwa a zuciya, amma rabe-raben nata suna da amfani ga makaɗi, domin su ne suke nuna wanda zai bi bashi idan mai biki ya ƙi biya. Idan dillali ya ƙulla da sunansa, mai biki bai san makaɗa ba, su ma ba su da hanyar kama shi sai ta hannun dillalin. Idan kuwa da sunan ƙungiya aka ƙulla, to duk alƙawarin da dillali ya ɗauka ya hau kanta, ko da ya sayar da rana ɗaya ga gidajen biki biyu, ɗaya a Gangara ɗaya a Cadakori. Dokar ta yarda wakilcin ya zama na baki, a tabbatar da shi ko da shaidu ne, abin da yake nufin cewa maganar da shugaban ƙungiya ya yi a gaban mutane tana iya ɗaure shi tun kafin a kawo takarda.

Takardun hukuma su ne mataki mafi sauƙi kuma mafi ƙarancin amfani. Wanda ya mai da dillanci sana'a ɗan kasuwa ne a idon doka, don haka ya kamata ya iya nuna lambar rajistarsa ta kasuwanci, wadda ake kira RCCM, da lambar haraji ta NIF, da katin shaidar ɗan ƙasa mai ɗauke da sunan da ke cikin yarjejeniyar. Wasu ƙasashe sun tsaurara fiye da haka: a jihar Kalifoniya ta Amurka doka ta hana kowa sama wa mawaƙi aiki sai da lasisi, Faransa kuma ta ƙayyade la'adar wakilin mai fasaha a kashi 10 cikin ɗari, tare da damar kaiwa kashi 15 a wasu sharuɗɗa. Sai dai rajista tana tabbatar da cewa mutum yana nan ne kawai, ba ta tabbatar da halinsa ba, kuma adalci ne a faɗi cewa da yawa daga dillalan kirki na karkara ba su taɓa yin ta ba, kamar yadda mayaudari mai wayo yakan fi kowa cikar takardu da hatimi. Rashin takarda dalili ne na ƙara bincike, samunta kuma ba dalili ne na dakatar da shi ba.

Shaida mafi ƙarfi tana bakin makaɗan da suka taɓa aiki da shi, musamman waɗanda suka rabu da shi. Dillali zai bayar da sunayen waɗanda suke jin daɗinsa, kuma babu laifi a saurare su, amma ƙungiya mai hankali za ta nemo wasu da kanta, ta hanyar sarkin makaɗa, ko masu hayar lasifika, ko direbobin tasha da suka saba ɗaukar makaɗa, ko ma'aikatan rediyon karkara da suke karanta sanarwar wasanni, domin waɗannan su ne suka san wanda yake biya da wanda yake kashe waya da gari ya waye. Tambayar ma tana da salo. Idan aka tambayi Bahaushe ko wane mutumin kirki ne, kunya da gudun giba za su sa ya ce ba shi da laifi. Amma idan aka tambaye shi nawa aka yi alƙawari a wasan ƙarshe, nawa ya shiga hannu, bayan kwana nawa, wa ya biya kuɗin mota, a ina aka kwana, me ya faru ranar da ruwa ya watsa taro, sai gaskiya ta fito ba tare da an zagi kowa ba. Ya kamata kuma a tambayi 'yan amshi da masu kiɗa, ba shugaba kaɗai ba, saboda akwai dillalin da yake kyautata wa shugaba a ɓoye don ya rufe bakinsa a kan abin da aka rage wa yara. Ɗaya gefen binciken shi ne a kira wurin da aka ce za a yi wasan, ko gidan matasa da al'adu ne, ko otal, ko gidan mai biki, a lambar da ƙungiya ta samo da kanta, a ji ko sun san da ranar da kuma farashin, domin hanya mafi tsufa ta cin makaɗi ita ce a karɓi abu mai yawa a wurin mai biki a zo a faɗi kaɗan. Dillalin da ya fusata don an nemi magana da mai biki ya riga ya bayar da amsa.

Maganar kuɗi ita ce cibiyar yarjejeniya. A kasuwannin duniya la'adar dillalin wasa takan tsaya tsakanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na kuɗin wasan, manaja kuma yakan ɗauki kashi 15 zuwa 20, amma adadin kason bai kai muhimmancin abin da ake cire shi daga ciki ba. Idan an cire la'ada daga jimlar kuɗi kafin a fitar da kuɗin mota da abinci da hayar kaya, ƙungiya mai mutum goma da ta tashi daga Gazawa zuwa Kano tana iya dawowa hannu wofi alhali dillali ya cika aljihu. Sannan akwai abin da yarjejeniyoyin Turai ba su san da shi ba, wato liƙi ko kari, kuɗin da jama'a suke manna wa makaɗi a fili, wanda a bikin Hausa yakan zarce kuɗin gayyata nesa ba kusa ba. Ra'ayin da ya fi dacewa shi ne cewa liƙi na makaɗa ne, domin muryarsu da sanin asalin mutanen da suka wasa ne suka jawo shi. Idan kuwa dillali zai sami wani abu a ciki, sai a rubuta nawa ne, a kuma faɗi wanda zai tsince kuɗin da wanda zai ƙirga a gaban wa. Wasan da ake shiga da tikiti shi ma yana buƙatar ƙungiya ta ajiye mutuminta a bakin ƙofa idan an yi da ita cewa rabo za a yi, tunda wanda bai ga ƙofa ba ba shi da hujjar musanta lissafin da aka kawo masa.

Kafin alƙalami, wato kuɗin da ake bayarwa tun farko don kama rana, a al'adar wannan sana'a yakan kai rabin farashi, kuma tambayar ita ce hannun wa zai shiga. Mafi aminci shi ne mai biki ya aika wa ƙungiya kai tsaye ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita ko Amana, ko ta asusun waya, inda rasit zai nuna rana da adadi da sunan mai karɓa, sannan ƙungiya ta cire la'ada ta ba dillali, maimakon ta zauna jiran abin da ya ga dama ya miƙo. Ragowar kuma a karɓe shi kafin a buga ganga, domin bayan an watse babu abin da makaɗi yake riƙe da shi. Ya dace a lura cewa malaman mazhabar Malikiyya ba su yarda da kuɗin kama ciniki da ake cinyewa haka kawai idan ciniki ya warware ba, saboda haka ya fi kyau a rubuta cewa idan mai biki ya soke, ƙungiya za ta riƙe gwargwadon abin da ta kashe da asarar ranar da ta hana wani, abin da zai rage gardama a gaban liman ko hakimi.

Kusancin iyakar Najeriya ya kawo wata matsala ta daban. Sefa tana ɗaure da kuɗin Yuro a kan farashi tsayayye, Naira kuwa ta rasa fiye da rabin darajarta a cikin watannin da suka biyo bayan sakin farashinta a watan Yunin 2023, don haka farashin da aka yanke da Naira wata uku kafin wasa yana iya narkewa kafin ranar ta zo. Ƙirgan baki ma yana ruɗarwa, tunda a kasuwannin Nijar da dala ake lissafi, ɗari tana nufin sefa 500, jika kuma sefa 1000, alhali jaka a bakin 'yan kasuwar Najeriya naira 200 ce; wajibi ne a rubuta adadi da lamba da haruffa tare da sunan kuɗin. An kuma rufe iyakar daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin 2023 har zuwa Maris na 2024, abin da ya isa ya nuna cewa dole yarjejeniya ta faɗi wanda zai ɗauki asara idan hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ta toshe, ko hukuma ta hana taro saboda tsaro. Wanda ya yi alƙawarin wasa a Kano kuma ya kamata a tambaye shi ko ya san ƙa'idojin hukumar tace fina-finai ta jihar, wadda aka kafa a 2001 kuma take sa ido a kan mawaƙa da wuraren nishaɗi.

Sharaɗin da ya fi cutar da makaɗa a ɓoye shi ne na keɓancewa, wato wanda yake cewa babu mai sama wa ƙungiya aiki sai wannan dillali, kuma yana da la'ada a kowane wasa ko da ba shi ya kawo ba. Makaɗin Agye yana da iyayen gida da suka gaji hulɗa da mahaifinsa, waɗanda ba sa buƙatar dillali kafin su kira shi suna ko aure, kuma zalunci ne a ɗora wa irin wannan aiki la'ada. Idan za a yarda da keɓancewa, sai a iyakance ta da wuri da lokaci, misali biranen da ƙungiya ba ta da hanyar shiga da kanta, na wata shida ko shekara ɗaya, tare da ƙayyade mafi ƙarancin wasannin da dillali zai kawo, ta yadda idan ya kasa ƙungiya za ta fita ba tare da tara ba. Haka nan a kula kada takardar neman wasa ta haɗiye abin da ba nata ba, kamar sunan ƙungiya, ko shafinta na YouTube da Facebook, ko ikon naɗar wasa a sayar. Dokar Nijar ta 23 ga Disamban 2010 ta kare haƙƙin mawallafi da na mai gabatar da waƙa a fili da kuma kayan al'adun gargajiya, kuma ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, BNDA, shi ne wurin da makaɗi zai yi rajistar waƙoƙinsa da sunansa tun kafin wani ya riga shi.

Alƙawarin kai ƙungiya ƙasashen waje shi ne ya fi ruɗar matasa, kuma a nan alamomin suna da sauƙin ganewa. Dillali na gaskiya yana cin abinci ne daga wasan da ya samar, saboda haka wanda ya fara da neman kuɗin rajista ko kuɗin biza ko ya ce a miƙa masa fasfo ya riƙe, tun kafin a ga takardar gayyata daga wani biki da za a iya kira a tabbatar, abin tuhuma ne. Haɗari na biyu shi ne cusa sunayen baƙi a jerin 'yan ƙungiya don su sami biza, laifin da ya kai shahararren mawaƙin Kwango Papa Wemba ga kamu a Faransa a 2003 da hukunci a 2004. Amma kuskure ne a ɗauka cewa duk baƙon da ya zo daga nesa mayaudari ne, domin Mdou Moctar na jihar Tawa, wanda ya naɗi faifansa na farko a Sakkwato a 2008, ya fito duniya ne bayan wani Ba'amurke mai kamfanin Sahel Sounds ya ji waƙarsa a katin waya ya bi sawunsa. Masu irin wannan aiki suna da tarihin da za a iya dubawa, sunayensu suna bayyana a kasuwannin kiɗa irin su MASA na Abijan da Visa For Music na Rabat, kuma mawaƙan Nijar da suka yi tafiya da su suna nan a Yamai da Agadas, ana iya tambayarsu.

Saura batun takardar kanta da wanda zai sa mata hannu. Mafi yawan yarjejeniyoyi da Faransanci ko Ingilishi suke zuwa, alhali makaɗa da yawa karatun allo suka yi, kuma bai kamata dillali ya zama shi ne mai fassara abin da shi ya rubuta ba. Malamin makaranta ko ma'aikacin ofishin magajin gari da ba shi da kaso a cinikin zai iya karantawa layi bayan layi, a kuma rubuta kwafin Hausa da boko ko ajami a haɗa da na asali, musamman tunda kundin mulkin ƙasa da aka ƙaddamar a Maris na 2025 ya ɗaukaka Hausa zuwa harshen ƙasa. Kowane ɓangare ya riƙe kwafinsa mai sa hannun shaidu, kuma a ƙi duk takardar da aka bar gurbin adadi ko na kwanan wata a cikinta. Ya kamata a faɗi inda za a kai ƙara, domin sharaɗin da ya ce sai kotun Yamai ko ta Legas daidai yake da hana makaɗin Gazawa ƙara gaba ɗaya, alhali dokar Nijar ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta rigingimun ciniki kafin a kai ga alƙali. Kafin duk wannan kuma, shugaba yana buƙatar ya zauna da 'yan amshinsa da masu kiɗansa a daidaita rabon cikin gida da wanda aka ba izinin magana da sunan kowa, sannan a gwada dillalin da wasa ɗaya ko biyu a kusa, a Maraɗi ko Tasawa, inda ƙungiya za ta iya komawa gida da kuɗin motarta idan alƙawari bai cika ba, kafin a yi maganar yarjejeniya ta shekara.